Kunnen Hagu na Abu Rayyan

Ku samarin yanzu in kun wuce ta shagona a Rusaifa kuka hango ni ina matsa wa mutum kwaɓin silikon a kunne, sai ku ce wannan ai ba aiki ba ne, kowa ma zai iya. To ku ja kujera ku ji. Sunana Ilyasu. A nan Makka aka haife ni, mahaifina mutumin Kano ne da ya zo aikin Hajji ya zauna. Sana'ata yin matoshin kunne, iri biyu: akwai wanda ake haɗawa da na'urar ƙara ji, wadda a nan ake kira samma'a, akwai kuma na tare ƙara, don masu aiki a cikin hayaniya. Shekara talatin da ɗoriya ina leƙa kunnuwan mutane, har yau ban ga biyu da suka zo ɗaya ba, ko da a kan mutum guda ne.

Kunnen farko da na zuba wa kwaɓi na maigidana ne, Mu'allim Mahjub, wani Basudane mai ƙarancin magana. Na yi wata bakwai a wurinsa ban taɓa kunnen kowa ba, aikina wanke sirinji da gurza gefen matoshi a inji har ya yi santsi. Ranar da ya ga lokaci ya yi, sai ya zauna a kujerar masu zuwa awo, ya karkata kai, ya ce, "Bismillah. In ka huda mini dodon kunne, ni da kai ne." Na ɗauki fitilar leƙawa. A nan na fara gane cewa ramin kunne ba miƙaƙƙe ba ne, kwana biyu gare shi kamar lungun tsohuwar unguwa. Ana ɗaure 'yar auduga da zare, a tura ta a hankali har ta wuce kwana ta biyu, ita ce za ta tare kwaɓin kada ya kai ga dodon kunne. Sannan a haɗa silikon kala biyu a tafin hannu, a murza har su zama kala ɗaya, a cika sirinji, a matsa ba tare da an bar iska ta shiga ba. In ya daskare, ba fizge shi ake yi ba. Sai ka ja fatar kunnen iska ta shiga, ka murɗo shi gaba sannu sannu. Nawa na farko ya fito da rami a gefe. Mu'allim ya juya shi a hannu, ya jefa a kwandon shara, ya miƙo mini ɗaya kunnen.

Abu ɗaya yake maimaitawa ga duk wanda ya zauna a kujerar nan: "Rufe bakinka, kada ka yi magana, kada ka tauna komai." Haka ya koya mini, haka na yi ta yi bayan ya koma ƙasarsu na gaji shagon. Yawancin masu zuwa wurinmu tsofaffi ne da ji ya yi wa nauyi, kuma babu wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi a kan hakan.

Aikin da ya koya mini abin da maigidana bai koya mini ba ya zo ne wata safiya da wani mutum dogo, ɗan shekara talatin da biyar ko kusa, sanye da hirami ja a ka da baƙin tabarau. Ya yi sallama da Larabci, da ya ji ina waya da Hausa sai ya yi murmushi ya ce, "Ina kwana, Ammu." Ammu a nan baffa ke nan. Sunansa Mansur, amma da Abu Rayyan aka san shi. Shi ma haifaffen nan ne, a unguwar Shisha suke zaune, mahaifiyarsa Basakkwaciya. Hausarsa tana tafiya tana tuntuɓe, in ta maƙale sai ya cike da Larabci. Aikinsa koyar da harbi a wani kulob da ke can bayan iyakar Harami, ta hanyar Jidda.

"Kunnena yana kuka," in ji shi. "Kamar an bar talabijin a kunne a wani ɗaki. In na kwanta ya fi."

Na tura shi wurin likitan ji da ke kusa da mu. Ya dawo da takardar awo, irin wadda ake zana layi biyu, ɗaya na dama ɗaya na hagu. Na dama ya ɗan sunkuya. Na hagu kuwa ya tafi daidai, da ya kai wajen siraran sauti sai ya faɗa rami. Likitan ya ce masa abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare saura. Ga shi kuma a wurin aikinsu ana yi musu awon ji lokaci lokaci, wanda duk layinsa ya sauka ƙasa da yadda suke so, za a cire shi daga filin harbi. Ba shi da wata sana'a sai wannan.

Na yi masa matoshi na silikon mai taushi, ja na dama, shuɗi na hagu. Na sa masa, na tafa hannu a bayansa, bai ko motsa ba. Na sallame shi ina ganin na gama.

Bayan wata shida ya dawo da sabuwar takarda. Layin hagu ya ƙara sauka.

"Kana sa su kuwa?"

"Wallahi kullum, Ammu. Har da marufin kunnen nan na ɗorawa ta ka."

Na karɓi matoshin na duba, babu tsaga, babu sauyi. Na sa masa, ya zauna daram. Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, ta ina ƙarar take shiga? Na biyu, me ya sa hagu? Mutumin nan da dama yake harbi, a kafaɗar dama yake dafa gindin bindiga. In da lissafina ne, kunnen dama ya kamata ya fara lalacewa. Na buɗe akwatin tsofaffin takardu, na zaro na wasu mutum uku da na san sun yi aiki da bindiga a rayuwarsu. Dukkansu hagu ne ya fi sauka. Na kwana biyu ina juya abin, na kasa.

"Ka tafi da ni wurin aikinku," na ce masa. "Ina so in gani da idona."

Ya yi dariya. "Ammu, ka taɓa riƙe bindiga?"

"Ban taɓa ba, kuma ba zan riƙe ba. Kunne zan je kallo."

Wata Asabar da hantsi ya ɗauke ni a motarsa. Wurin fili ne a tsakanin duwatsu, an yi doguwar rumfar kwano da katangar siminti a baya da gefe, masu harbi suna jere a ƙarƙashinta suna fuskantar allunan da aka kafa can nesa. Tun daga ƙofa ya sa na toshe kunnena, ya ɗora mini marufi a kai, irin mai kama da abin sauraron rediyo amma mai kauri. Da aka yi harbin farko ban ji shi a kunne sosai ba, a ƙirji na ji shi, da haƙora. Kwanon rumfar ya amsa, katangar ta dawo da shi. Na ce a raina, mutumin nan a cikin ganga yake wuni, ana dukanta.

Na tsaya bayan wani mai koyo ina kallon yadda ya kwantar da kumatu a kan bindigar. A nan tambayata ta biyu ta warware da kanta. In mutum ya dafa bindiga a kafaɗar dama ya karkata kai don ya saita, kunnen dama yana nutsewa ne a kafaɗa, kai ya yi masa garkuwa. Na hagu shi ne yake juyowa ya fuskanci bakin bindigar. Abu mai sauƙi, amma da ban je ba, da har yau ina zaune a shago ina mamaki.

Can sai Abu Rayyan ya fito da wata bindiga daga ma'ajiya, an ɗaura mata wani bututun ƙarfe baƙi a baki. Da Larabci katim suke ce masa, mu kuwa da Hausa ai salansa ce, kamar ta babur. Ya ce kulob ɗin yana da 'yan kaɗan da izinin hukuma, don horar da masu gadi. Ni dai abin da na sani game da ita a fim na gani: mutum ya harba, ka ji "fis", na ɗaki na gaba yana ta shan shayinsa. Ya harba ɗaya. Ta cikin marufi na ji ta yi laushi ƙwarai, ba ta bugi ƙirjina ba kamar ta farko.

Sai son sani ya ci ni. Na ɗaga marufin, na zare matoshin dama.

"La, Ammu, mayar!" in ji shi.

"Ɗaya tak. Ina so in ji da kunnena."

Ya girgiza kai, ya sa na ja da baya taku biyar, ya harba. Jama'a, babu wani "fis". Ji na yi kamar an ɗaga faffaɗan katako an maka shi a kan siminti dab da kaina. Kunnen ya ɗauki kuka nan take, bai bar ni ba sai la'asar ɗin washegari. Ni da nake yi wa mutane wa'azin kunne, ni na yi wannan wautar, kada wani a cikinku ya gwada.

Da muka zauna hutu a inuwa na tambaye shi, to mene ne amfaninta? Shi ya san bindiga, ni na san kunne, sai muka haɗa. Ya ce ƙarar harbi ba ɗaya ba ce, biyu ce ke zuwa tare. Akwai ta iskar albarushi da ke fashewa ta fito daga bakin bindiga da ƙarfi. Akwai kuma ta harsashin kansa, wanda yake gudu fiye da sauti, yana tsaga iska kamar bulala. Salansa tana rage ta farko ne, tana sa iskar ta fita a hankali maimakon ta fashe gaba ɗaya. Ta biyun kuwa babu ruwanta da ita, don harsashi ya riga ya bar bindigar.

"Tana ragewa sosai," in ji shi. "Maƙwabta suna hutawa, masu koyo ba sa firgita. Amma ba ta kashewa."

"To ranar da ake aiki da ita, me kake sawa a kunne?"

"Ya'ani, in ka saba da babbar, wannan sai ka ji kamar ba komai. Ina cire marufin. Wani lokaci ina cire matoshi ɗaya don in ji tambayar masu koyo."

"Wanne kake cirewa?"

Ya taɓa kunnen hagu.

Ga ƙofa ɗaya da ƙarar ke shiga na samu. Ta biyu ma ba ta yi wuya ba: da ya mayar da marufin, a kan hirami ya ɗora shi, ga kuma ƙafar tabarau ta ratsa ta ƙarƙashi. Marufi aikinsa ya manne da fata ko'ina. In ƙyalle ko ƙarfen tabarau ya ɗaga shi ko da kaɗan, ƙara ta samu hanya, kamar yadda ruwa ke samun tsagar bokiti. Na zura ɗan yatsana ta wurin na nuna masa.

Ƙofa ta uku ita ce tawa. Da aka koma fili na tsaya a gefensa na hagu, ban kalli allo ba, ban kalli bindiga ba, shuɗin matoshin nan kawai na zuba wa ido duk lokacin da bai rufe shi da marufi ba. Mai koyarwa ba ya yin shiru. Yana ɗaga murya yana ba da umarni, a shirya, a harba, a dakata, a ajiye. Duk buɗe bakin da zai yi, sai in ga matoshin ya ɗan motsa. Kafin ya gama da mutum biyu, matoshin ya turo waje kamar faɗin farce. A shagona yana zaune daram, domin a shagona bakinsa a rufe yake.

Ku sa ƙaramin yatsa a kunne yanzu, ku buɗe baki ku rufe. Kun ji abin da ke motsi? Mahaɗar muƙamuƙi ce, tana jingine da ramin kunne. In baki ya buɗe, ramin yana ƙara faɗi. Ni kuwa na auna kunnen mutumin da baki a rufe, na yi masa matoshi daidai da ramin mai shiru, alhali shi wuni yake yana ihu. Ga tsohon da ke zaune a gida da samma'a, wannan ba komai ba ne. Ga mai tsayawa kusa da bindiga, wata shida na ƙara ne suka shige ta gefen aikina.

Na gaya masa a wurin, ban ɓoye ba. Ya ce, "Ƙaddara ce, Ammu." Na ce ƙaddara ce, amma gobe ka zo shago.

Washegari na yanko guntun asuwaki mai kauri, na tsayar masa tsakanin haƙoran gaba, na ce ya cije. Haka na zuba kwaɓin, bakinsa a buɗe, yawu na zuba a kan tawul, yana hararata. Zubin ya fito ya fi na da kauri, na kuma bar shi ya fi tsawo. Da na gama matoshin na sa masa, na ce ya yi mini irin ihun da yake yi a fili. Ya daka tsawa har mai shagon turare na kusa ya leƙo. Matoshin bai motsa ba. Muka yi sharaɗi uku: hirami a kafaɗa, tabarau mai siririyar ƙafa, matoshi da marufi tare ko da salansa ko babu. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini a cikin ƙara yake aiki, sai ya ciji asuwaki.

Ba mu kai ga ganin sakamako ba shekarar korona ta shigo. Wannan ita ce shekarar da ta fi kowace muni a sana'ar nan. Aikinmu na kusantar fuska ne, numfashinka a kan kumatun mutum, wa zai yarda? Shago ya yi watanni a rufe. Da na buɗe, na tarar da robobin silikon sun lalace a zafi, na haɗa sun ƙi daskarewa, na kwashe na zubar. Tsofaffina kuma suka shiga wani hali, domin da yawansu ashe da kallon leɓe suke cike abin da kunne ya rasa, ga shi kowa ya rufe baki da takunkumi. Igiyar takunkumin ma tana fizge samma'a ta faɗi a hanya. Kulob ɗin su Abu Rayyan shi ma aka rufe, ya koma gida ya zauna.

Bayan an buɗe gari ya koma aiki, ya yi wata takwas yana bin sharaɗinmu, sannan aka yi musu awo. Ya shigo shago da takardar, ba shi kaɗai ba, da wata dattijuwa 'yar ƙarama tana dogara sanda. Mahaifiyarsa ce, Hajiya Kulu. Ya kawo ta asibitin ƙafa ne a kusa, ya ce bari su biyo. Na ɗora sabuwar takardar a kan tsohuwa na ɗaga su a haske. Layin hagu yana nan inda yake, bai hau ba, bai sauka ba. Sun bar shi a aikinsa.

Na gaishe da Hajiya, na ba ta kujera, na ce ta yi wa ɗanta barka. Ta kalle shi ta kawar da kai.

"Malam, tunda kai Bahaushe ne bari in gaya maka. Wanga yaro ya raina ni. Da munka zauna gida wata da watanni na gane. In matatai ta yi mai magana da Larabci, daga wani ɗaki shina amsawa. Ni in ni yi mai Hausa, sai shi yi kamar bango nika yi wa. Kunyar harshen uwatai shika ji."

"Inna, wallahi ba haka ba ne," in ji shi, kansa a ƙasa. Da gani ba yau aka fara wannan maganar ba.

Na tambaye ta, a falo ta wane gefensa take zama? Ta yi tunani ta ce kujerarta tana hagunsa, kusa da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don ƙafarta ba ta son zafi. Na ce ta ba ni minti biyu. Na zaunar da shi, na toshe masa kunnen dama, na kunna fankar shago, na ce ta tsaya a hagunsa ta yi masa magana yadda ta saba, kada ta ɗaga murya.

Ta ce, "Mansur, ka sha shayin da ni sa maka cikin filas?"

Ya juyo yana kallon bakinta. "Na'am? Wa ya zo?"

Na cire matoshin na mayar hagu, na zagayo da ita dama. Ta maimaita, da muryar nan dai.

"Na sha, Inna," in ji shi. "Sukari ya yi yawa."

Ta tsaya tana kallonsa. Na yi mata bayani yadda zan iya. Ƙarar bindiga siraran sauti take fara ci, irin su sa da sha da tsa, kuma muryar mata a nan take zaune. Abin da ke isa gare shi rabin kalma ne. Larabci a cikinsa ya yi makaranta, a cikinsa yake aiki, in rabin kalma ta ɓace zai cike da kansa bai ma san ya yi ba. Hausa kuwa ba shi da inda yake samunta sai a bakinta. In ta ɓace masa, ba shi da abin cikewa.

Hajiya ta matso kusa da shi. Ta miƙa hannu ta kama kunnen nasa na hagu, ta ɗan juya shi tana dubawa kamar mai duba kaya a kasuwa.

"Tun yaushe?"

"Ya fi shekara uku, Inna."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"Na faɗa. Kika ce dabara ce."

Ta saki kunnen, ta gyara mayafinta, ta yi mini godiya a gajarce. Da za su fita ya riƙe mata ƙofa, ta zo ta hagunsa kamar yadda ta saba, sai ta tsaya. Ta zagaya ta bayansa da sandarta, a hankali, ta koma dama ta kama hannunsa. Ina jin su har suka kai mota, tana yi masa faɗa a kan sukarin da ya ce ya yi yawa, da Hausa, shi kuma yana ba ta amsa ɗaya bayan ɗaya.